Agogon da Tasalla Ta Kawo

A rumfata, kasuwar Talata Mafara,
shekara talatin ina buɗe cikin agogo.
Jiya Tasalla ta dawo hutu,
ta maƙala min waya a kunne:
ƙas, ƙas, ƙas.

"Baba, gawar tauraro ce,
juyi take kamar katantanwa,
ba ta san makara ba.
Sai in haskenta ya gifta abokiyar zamanta,
nauyi ya tanƙwara masa hanya,
ya iso a makare, ƙiris.
Ƙiris ɗin nan muke aunawa,
mu ga ko lissafin masana zai karye."

"Ya karye?"
"Tukuna."

Na dubi agogon ladan a tafina,
kullum minti huɗu yake baya.
Na ajiye hantsaki,
na ce ta sake kunnawa.