Uwar Allo

Daren Talata ta mutu.
Ba ta yi ƙara ba,
wari kawai, irin na roba a bakin murhu,
fanka ta juya sau biyu ta tsaya,
benen da nake zana wa Alhaji Mudi
ya tafi da tagoginsa cikin duhu.

Ba zan ɗora wa Nefa ba.
Ni na matsa mata.
Wata huɗu ina ƙara wa ƙwaƙwalwar gudu,
kaɗan yau, kaɗan jibi,
kamar mai lodin a-kori-kura
da ke cewa buhu ɗaya ba ya karya sifirin.

Da safe na naɗe ta a tsohon tawul,
na hau keke daga Kakuri zuwa Layin Legas.
Ifeanyi ya juya ta, ya shinshina,
ya ɗora farce kan wani baƙin tabo:
"Nan wuta ke bi, abokina.
Ka ba akuya kayan raƙumi."

Ya jera mini uku a kan gilashi.

Ta farko ja ce, fitilu ko'ina,
kamar shagon aski daren salla.
Ramin kati biyu gare ta, gaskiya ne,
amma na biyun hanyarsa siririya,
lungu ne, ba titi ba.
Katunan hotona shanun huɗa ne a karkiya ɗaya,
in ɗaya ya yi ɗingishi, kunya ta karkace.

Ta biyu tokumbo.
Kuɗinta ya yi mini murmushi,
har na soma lissafin canji.
Da na karkata ta wajen hasken ƙofa
sai ga allura ɗaya a lanƙwashe
a mazaunin ƙwaƙwalwa.
Ifeanyi ya dubi titi.
Ni ma na dubi titi.

Ta uku ba ta da ado.
Baƙa, mai nauyi a hannu,
ƙarafan shan zafi sun yi mata kafaɗu,
tana raba hanya daidai, takwas nan, takwas can,
ta bar tazarar yatsu uku tsakanin katunan
don kowa ya sha iskarsa.
Na tambayi kuɗi.
Da ya faɗa, na ji kuɗin hayar ɗakina
ya miƙe ya sa takalmi.

Na fita na sha ruwan leda.
Na ƙirga ramukan ram a kaina,
na tuna akwatin wutata, ko zai ɗauka,
na auna faɗin kes da tafin hannu a kan iska
har wani ɗan dako ya zaci da shi nake.
Araha ba ta ado, in ji mutane.
Ni dai na san ba ta zane.

Na biya kashi biyu cikin uku,
sauran ya rubuta a bayan rasit
da ranar Juma'a ta sama.

Da dare Baba ya riƙe mini tocila.
Shekara ashirin da shida ya yi a masaƙa
kafin su sa kwaɗo a ƙofa,
har yau da kunne yake gane ciwon inji.
Na ɗaure sukurori shida,
na danna katin farko, ƙyas,
na biyu ya yi taurin kai, sannan ƙyas.
Fankoki biyar suka tashi tare.

Ga lambar gudu a gabana,
ga yatsana a kan maɓalli.
Baba bai ce kar ka ƙara ba.
Tafinsa ya ɗora a gefen kes
kamar mai duba zazzaɓin jika,
ya ce, "Ƙara ɗaya. Mu ji."

Na ƙara ɗaya.
Muka zauna muna saurare.
Benen Alhaji Mudi ya soma fitowa
daga harsashi, bulo bayan bulo,
hannun Baba bai ɗagu ba
har aka kai hawa na biyu.