Gashin Zabo a Gamkalle

Ruwan da aka zuba a Gine tun damina
sai yanzu ya iso Yamai, tsakiyar ɗari.
Na bar keken ɗinki da rigar wani a baki,
na gangaro Gamkalle kafin gari ya waye.

A aljihuna ƙugiya ce da na yi wa ado:
gashin zabo uku, jan zare ragowar wuyan riga,
ƙulli bakwai, na datse da haƙori.
Babu tana, babu ƙullun dusa.

Hamani na kwance koma a cikin jirginsa,
ya ce, "Tela, giwan ruwa ba ya sa kaya.
Ba shi abinci."

Na wurga. Na janyo. Na wurga.
Yatsu sun ƙage, zare na yanka kamar reza.
Sanyi uku ke nan ina aika masa saƙo,
bai taɓa amsawa ba.

Sai da hantsi, can gindin burgu,
ruwa ya kumbura ba tare da iska ba.
Wata inuwa, tsawon yaro ɗan bakwai,
ta biyo gashin sannu sannu
har inda nake hango ƙafafuna.
Ido kamar garwashi cikin toka.
Ya duba ɗinkina ƙulli bayan ƙulli,
irin duban mai kaya ranar jajibere,
ya juya.

Hamani bai gani ba. Ni ma ban faɗa ba.
Na sayi karfasa biyu wurinsa, ban yi tayi ba.

Da dare na kunna fitila,
na warware ƙulli na huɗu.
Shi ne ya karkace.
Tun jiya na sani.