Kunne Ɗaya

Na naɗe rediyona cikin tsohon zanen Tabawa,
na hau a-daidaita daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari.
Shekara talatin da ɗaya yana zaune bakin tagata,
eriyarsa ta karye sau biyu, na ɗaure da wayar tagulla,
bai taɓa taka kasuwa ba sai yau.

Yaron shagon farko ya dube shi, ya dube ni,
ya ce, "Baba, ai wannan ya girme ni."
Ya miƙo min wani fari mai sheƙi, ba igiya, ba wutsiya,
wai ta iska yake kama magana.
Na ce, yaro, ni ma ta iska nake kamawa,
sai dai iskata ba irin taka ba ce.
Tawa sai ta haye teku, ta bugi rufin sama, ta faɗo,
ta iso min a gajiye kamar fatake.
Ba ni mai igiya.

Na biyu manya ne kamar murfin langa.
Na kifa su a kai, na murɗa zuwa mita goma sha shida.
Dum, dum, suka cika min ƙwaƙwalwa,
mai karanta labarai ya koma kamar ya faɗa randa.
An yi su ne don masu rawa.
Ni ba kiɗa na zo saye ba, harafi nake nema,
in rarrabe "an kashe wuta" da "an kashe mutum"
a tsakiyar shuuu ɗin gajeren zango.

Na uku ɗan iyafis ne kamar ƙwayar gujiya,
ya shige ramin kunne ya toshe ni ruf,
har bugun zuciyata na ji, na tsorata, na cire.

Can bayan layin dogo, ƙarƙashin kwano mai tsatsa,
Tanimu mai gyara na hura hayaƙin darma.
Bai yi wa rediyona dariya ba. Shafa shi ya yi,
irin yadda ake shafa dokin da aka san ubansa.
Ya zazzage wani gwangwanin madara,
ya zaro baƙin hedifon, sosonsa duk ya zube.
"Wannan ba ya ƙara wa murya gishiri," in ji shi,
"yadda ta zo haka zai ba ka.
Amma ɓarin hagu ya mutu. Ba ni sa'a guda in jona."

Na sa.
A dama, wata murya ta taso daga ƙasar da ban taɓa gani ba,
siririya kamar zaren ɗinki, amma ba ta tsinke ba.
A hagu, mai rake yana ciniki,
wata na kiran ɗanta, baro na kuka.
Na ce, Tanimu, bar shi haka.
Ya ce dubu biyu. Na ce rabin kaya, rabin kuɗi.
Ya yi dariya har ƙarfensa ya huce.

Ban gaya masa ba:
tun da muka dawo daga asibitin Shika
barcin Tabawa ya zama na kaza,
ƙarar rediyo kaɗan sai ta farka,
shi ya kawo ni kasuwa.
Amma in na rufe kunne biyu, wa zai ji ta?
Muryarta yanzu ta fi tasha mafi nisa rauni,
tana zuwa, tana ɓacewa,
kuma ba ni da abin murɗawa in nemo ta.

Daren jiya na zauna bakin gado, fitila a kashe.
A dama ana rantsar da wani, ana ambaliya a wani wuri.
A hagu, numfashinta.
Wajen ƙarfe tara ta ce, "Malam, ruwa."
Na bar duniya a kan tabarma tana ta surutunta,
na tashi na ɗauko moɗa.