Saki Yatsa Ka Ji

Kawu Arzika bai yarda da ita ba da farko.
Ya juya ta a tafi kamar kifin da bai san sunansa ba,
ya ce, "Shekara talatin ina ƙetare Rima da gora da addu'a,
yau akwati ne zai yi mini magana?"
Amma shi ya fara ɗaura mata igiya.
Abin da bai iya iyo ba, in ji shi,
ba a barinsa sakaka a kwale-kwale.

Oba-oba ke nan, baƙa, da tsinke ɗaya a ka.
A shagon cajin Labbo take kwana cikin wayoyin gari,
da asuba in karɓo ta,
in rataya ta a ƙirjin rigar ruwa,
ba aljihu ba, ba ƙarƙashin buhun albasa ba.
Kafin mu tura jirgi sai in kira gaɓa:
"Sahabi, kana ji na?"
"Ina jin ka sarai."

Sha shida layin neman ceto ne.
Ranar da na hau shi ina tambayar kuɗin tarwaɗa
hular Kawu ta sauka a ƙeyata.
"Ƙofar asibiti ce wannan, yaro,
ba a shimfiɗa tabarmar hira a bakinta."

Sai ranar kasuwar Goronyo, cikin marka.
Mun dawo da la'asar sakaliya, jirgi ya ɗau kaya,
hadari ya taso daga gabas bai yi sallama ba.
Inji ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.
Ruwa ya sami kafa tsakanin katako,
ya fara lasar duga-duganmu.
Inna Tumba ta rungume ƙwaryarta tana salati,
akuyar wani kuwa ganyen albasa take ci.

Na danna, na yi ihu.
Na yi ihu har maƙogwaro ya tsage,
na kira Sahabi, na kira duk mai kunne.
Shiru.
Na ce a raina sun bar mu.

Kawu na kwarfar ruwa da rabin jarka,
bai ko ɗago kai ba:
"Saki yatsa ka ji."

Ashe babban yatsana ya ƙage a kan madanni,
ni na toshe ƙofar da nake bugu.
Ina saki, murya ta faɗo kamar tana laɓe:
"Wane jirgi? Kuna ina? Ku nawa?"

Na miƙe tsinkenta sama, na ja ta baya kaɗan daga baki,
na danna, na ja numfashi ɗaya,
na jera magana kamar mai ƙirga kuɗin wani:
"Jirgin Arzika ne, jirgin Arzika.
Muna yamma da karyayyar giginya.
Inji ya mutu, ruwa na shiga.
Mu goma sha huɗu, biyu yara ne."
Na saki.

"Na ji ka. Tunau ya taso. Kowa ya zauna inda yake."

Jiran nan ya fi kogin faɗi.
Ban ƙara dannawa ba sai da aka tambaye ni,
batir ma guzuri ne.
Can muka ji ƙugin injin Tunau cikin ruwan sama,
kafin mu ga fitilarsa.

Yanzu idon Kawu ya yi hazo, ya bar mini gora.
A gaɓa yake wuni, gindin ɗorawa, tasa oba-oba a cinya.
Har yau yana fara magana kafin ya danna,
kalmar farko ta faɗa ruwa,
sai in ji, "...na lafiya?"
In amsa masa, in saki yatsa,
in saurari tarinsa yana ƙetaro Rima.