Mai Riƙe da Igiya

Da asuba nake barin Rantya, sanyin Jos a ƙashina,
in bi ta bayan Du, inda ƙasa ta zama rariya
don yawan ramukan kuza.
Dachung ya ɗaura mini igiya a ƙugu,
ya tofa yawu a tafinsa, ya ce, "Sauka."
Sai in sauka.

Can ƙasa, sama takan ƙanƙance
ta koma kamar bakin ƙwarya.
Ba na ganin fuskar mai riƙe da ni,
igiyar kawai nake ji tana cizona.

Ya Ubangiji, haka muke da kai tun damina,
tun ranar da rami ya rufta da Pwajok.
Muka tona da hannu har farce ya fita,
muka fito da shi, tocilar goshinsa tana ci,
shi kuwa ya riga ya mutu.
Shi ne mai ɗaga mana waƙa a sujadar safe.
Shi ne bai taɓa ɗaura laya ba.
To, ina ka shiga ran nan?

Na tambaye ka a durƙushe, na tambaye ka a tsaye,
addu'ata ta bugi kwanon ɗaki ta dawo
kamar ƙanƙarar da ke kashe mana dankali.
Ran Lahadi ina kan benci, bakina yana motsi,
zuciyata tana can ƙarƙashin ƙasa.

Sai wani ya zo bakin rami da ƙullin fata,
ya ce wanda ya sa wannan, ƙasa ba ta cin sa.
Dubu biyar. Na biya.
Mako uku yana cikin aljihuna,
ƙarami kamar goro, nauyi kamar dutsen niƙa.
Da dare wata murya takan zauna a gefen gadona:
"Wanda bai tsare Pwajok ba,
kai ne zai tsare?"
Ban da amsa. Sai in juya wa bango fuska.

Kangyang ce ta gan shi, garin wanki.
Ba ta ce uffan ba.
Ta ajiye shi kusa da kofin shayina,
ta ɗauki tulun kiɗanta ta tafi zumunta.
Da ma zagina ta yi.

Washegari na tsare Dachung, na ce,
"Faɗa mini gaskiya, ka taɓa sakin igiya?"
Ya buɗe mini tafukansa biyu,
duk sun saɓule sun warke, sun sake saɓulewa.
Ya ce, "Ko ran Pwajok ban saki ba.
Tana hannuna har aka fito da shi."

Na tsaya kamar an dasa ni.
Na tuna akwai waɗansu tafukan masu tabo,
waɗanda ƙusa ta huda saboda ni.
Ya Yesu, ashe ba ka ce ƙasa ba za ta rufta ba.
Cewa ka yi ba za ka saki ba.
Ashe Pwajok ma janye shi ka yi,
ta wani bakin ramin da idona bai kai ba.

Ƙullin yana cikin kududdufi yanzu,
ruwan ko motsin kirki bai yi ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, tsoron yana nan.
Muryar ma takan leƙo wani daren,
sai dai yanzu ba na matsa mata ta zauna.
Kuɗin makarantar Nvou bai cika ba,
gobe ma zan sauka.

In duhu ya yi yawa, zan taɓa ƙuguna,
in ji igiyar a miƙe.
Ka riƙe, ya Ubangiji.
In lokaci ya yi, ka ja,
ko zuwa tuwon acca a gida,
ko zuwa wurinka.