Awa Ɗaya a Ruwan Dadin Kowa

Na ajiye kekena a gindin dogon-yaro,
na kashe inji, kunnena ya ƙi yarda,
yana ta ƙugi shi kaɗai
kamar har yanzu ina Tashar Dukku da azahar.

Baffa Gidado na ɗinkin koma, bai ɗago ba.
Na ce, "Nawa ne awa ɗaya?"
Ya ce, "Ka iya ruwa?"
Na ce, "Na iya titi."
Ya yi dariya, haƙora uku suka leƙo.
"Dubu ɗaya. Wayarka ta zauna nan jingina,
ruwa ba ya son mai hira biyu."

Na shiga da bisimilla da ƙafar dama.
Katako ya karkata,
cikina ya ɗuri ruwa tun ban taɓa ruwan ba.
Na tuƙa dama, ya yi hagu,
na tuƙa hagu, ya juyo da ni ina kallon kekena.
Sau uku ina zagaye wuri ɗaya
kamar akuya a turke.
Jikarsa Dudu, tana wanke-wanke a gaɓa,
ta ɗaga cokali ta nuna ni:
"Kawu, ba sitiyari ba ne! Lallaɓa shi!"

Na lallaɓa.
Sai kwalekwale ya huce,
ya miƙa hanci kamar dama can mun saba.

Gari ya ja baya da sannu:
injin markaɗe, kukan jaki,
wata uwa na kiran Hammayo bai amsa ba.
Duk suka ƙanƙance suka shige aljihun iska.
Saura ɗigon filafili,
ɗis,
ɗis,
da bado ya shimfiɗa faifansa ba mai talla.

Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya a kan kututture.
Shekara goma sha huɗu ina jiran fasinja,
ban taɓa iya jira irin nasa ba.
Karfasa ta yi tsalle ta koma,
ba ta ce in sauke ta a gaba kaɗan ba.

Na leƙa ƙasa, na ga wani mutum
mai furfura a gefen gemu.
Yaushe ta fito? Wa ya ba ta izini?
Madubin keke bai taɓa gaya mini ba,
shi aikinsa nuna mini na bayana.

Ruwa ya fara tsattsafowa ta wata kafa.
Na sami gwangwanin madara a ƙarƙashin benci,
na kwarfe, na huta, na kwarfe.
Ashe kowa da ɗigon da yake kwarfewa,
har jirgin da ke tafiya lafiya lau.

Da rana ta jingina da dutse na juyo.
Baffa ya miƙo wayata da yatsa biyu
kamar mai riƙe da kunama.
"Sau tara ta yi kuka. Ban rarrashe ta ba."
Na duba: mai shinkafa, mai adashi, mai keke.
Ba wanda ya mutu.

Na hau titi wandona a jiƙe,
tafin hannuna ya yi bororo biyu.
Sai da na wuce Kwadon na lura
ban danna hon ko sau ɗaya ba.