Titin Hanover, Birnin Kef

Rugaya ta ɗora tabarau
kan hoton da tsufa ya ci gefensa.
"Nan ne shagon Taliep mai kifi.
Ga fitilar titi mai karkataccen wuya
inda na jira bas da takalmin aro."

Jikanta ya ce, "Kaka, an rushe duka.
Ciyawa ce yanzu, sai iska."

Ta bi da yatsa, ta wuce rufin gidaje
har dutsen nan mai kai kamar tebur.
"Wannan ya fi ƙarfin katafila.
Tsaya inda tsaginsa ya zo kafaɗarka,
ƙirga taku arba'in, hagu.
Ƙofarmu ke nan. Koriya ce.
Hoton baƙi da fari ne, bai sani ba."